Malam Bahauddeen da Daminar Laimar Aro

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko a gida muke ko a bayan teku.

Ranar Talata, 22 ga Yuli, 2025, wadda ta zo daidai da 26 ga Muharram, 1447, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Bahauddeen Tajuddeen a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar ciwon ƙoda da ta ɗan ja. An sallace shi bayan la'asar a masallacin unguwarsu ta Taman Melati, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke kan hanyar Gombak. Ya bar matarsa, Hajiya Hannatu, da ɗansa na fari, Mus'ab, da 'yan mata biyu, Nuriyya da Khaulah. Ya kuma bar mu, mu 'yan teburinsa, muna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana.

Jama'a sun ce ni zan rubuta wani abu, wai ni ne mai baki. Bakin da nake da shi na ciniki ne, Malam, ka sani. Da shi na tashi a Kantin Kwari, da shi nake tura hijabai da kayan wuta gida daga Sentul. Ban taɓa gwada shi a kan irin wannan kaya ba. Kuma tun da ka tafi kaina a ɗaure yake. Zan faɗi abin da na sani, in faɗi wanda ban gane ba, ko da yake shi ya fi yawa.

Ka yi aiki a gidan talabijin na jiharku tun kana saurayi, a ofishin da ke tsara wane shiri zai fito da wane lokaci. Daga baya ka koma koyarwa, aka turo ka nan ƙaro ilimi da furfura a gemunka. Ka gama, wata kwaleji a Bukit Jalil ta riƙe ka. Ana ce maka Dakta, kai kuwa ka fi son Malam. Amma ba digirin ne ya sa aka san ka ba. Kai ne mutumin da ya san daminar da aka fara kowane shiri na talabijin.

Ka sha yi mana bayani. A zamaninku, da damina ake sako sabon shiri. Yara suna dogon hutu, ruwa ya hana manya hira a ƙofar gida, kowa ya taru a gidan da ke da akwatin. Turawa ma, ka ce, suna da irin tasu dabarar. A watannin nan ne zafi ke fitar da su waje, sai gidajen talabijin ɗinsu su jarraba shirin da ba su tabbata da shi ba. In ya mutu ba wanda ya lura, in ya rayu an ci riba. Irin waɗannan ake sayo mana da araha bayan shekaru, su iso mana da tamu daminar. Shi ya sa kowane shirin Turawa shekara biyu gare shi a kanka: wadda aka haife shi can, da wadda ya sauka a gida. Namu na Hausa kuwa ba wanda ya adana su. Kaset tsada gare shi. A nuna wasa yau, gobe a ɗora jawabin kwamishina a kansa. Abin da ya rage sai abin da ke kan mutane, kuma mun ɗauka duk a naka kan aka tara.

Da ka zo ƙasar nan, ba abinci ne ya dame ka ba, ba yare ba. Rashin damina ne. Ruwa a Janairu, ruwa a Yuli, ruwa ranar Sallah. Ka ce ƙasar da kullum ake ruwa ba ta da damina, to da me mutum zai riƙe abin da ya wuce? Sai ka ƙirƙiro mana tamu. Da zarar Yuli ya kama, kowace Asabar bayan la'asar, sai mu taru a mamak, wato shagon shayi da abinci da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati, a haɗa tebura, maza nan, mata can gefe da yara. Ka buga cokali a jikin kofin shayi, ka rera waƙar buɗe wani shiri da muryar nan taka mai kama da tsohon babur yana hawan tudu, sannan ka ce, "Wace damina?"

Sai gardama ta kaure. Mutane masu digiri uku-uku suna ɗaga murya a kan wasan da suka kalla ta taga suna da wando ɗaya. *Tela Ba Ya Gari*, tamanin da biyu. *Akawun Kasuwa*, tamanin da huɗu, kuma an canja akawun tun wasan bai yi nisa ba, don na farkon ya tafi aikin hajji ya ƙi dawowa da wuri. *Layin 'Yan Guga*, saba'in da tara, baƙi da fari, kuma rijiyar da ke ciki ganga ce aka yanke. Wanda ya fi kowa faɗuwa shi zai ɗauki tapau, wato ƙunshin abinci, ya kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, gida gida. Na ɗauka ya fi a ƙirga. Yaranmu da aka haifa nan suna kallonmu kamar mun sha wani abu. Ɗiyata ta taɓa tambayata da Turanci me ya sa ba za mu duba a waya ba. Na ce ta duba. Ta duba, ba ta samu ko ɗaya ba.

Ba zan manta ranar da Hureira, matar Dakta Zahraddeen, ta ɗago murya daga teburin mata ba. Ta ce, "Baba Malam, ni fa innarmu ta ce suna cikin kallon shirin telan nan, makon da aka fara shi, naƙudata ta kama ta."

Ka ce, "To, 'yata, tamanin da biyu aka haife ki, cikin Agusta."

Ta ce, "A fasfona tamanin da biyar ne."

Ka ce, "Fasfo ba ya kallon talabijin."

Dakta Zahraddeen ya ajiye cokalinsa a hankali, don shi ɗan tamanin da uku ne. Ka dube shi ta saman tabarau ka ce, "Daga gobe kai za ka riƙa gaishe ta da safe." Har mai shagon sai da ya leƙo ya ga abin da ya sa baƙaƙen mutanen nan suke dukan tebur. Tun daga ranar mutane suka riƙa zuwa wurinka a ɓoye neman shekarunsu na gaskiya, wasu kuma suka daina zuwa teburin gaba ɗaya.

Ba raha kaɗai muka sani gare ka ba. Babu ɗalibin da ya sauka garin nan da iyali bai sha ruwan gidanka ba. Kai kake koya musu hawa jirgin cikin gari, ka nuna musu shagon da ake samun kuɓewa da manja, ka gargaɗe su kada su nuna mutum da ɗan yatsa, da babban yatsa ake nuni a nan. Shekarar da aka haifa mini Haidar ina Kano, kayana sun maƙale. Kai da Hajiya kuka kai maiɗakina asibiti, kai ka yi wa yaron huɗuba. Ka shiga ƙauyukan bayan Gombak neman ragon suna, ka dawo da wani bunsuru mai gemu a bayan motarka, yana cin kujera. Ka kira ni ka ce, "Hussaini, a ƙasar nan wannan shi ne rago, a yi haƙuri." Ba ka taɓa tayar da zancen ba bayan haka, ko da wasa.

To ga inda kaina ya fara ɗaurewa, kuma ba yau ya fara ba.

Mus'ab ya taso a nan. Ka sa shi karatun injiniya, yana cikin yi ya ajiye, ya ɗauki kyamara. Ya fara da ɗaukar bikin Malayawa, ya kai ga tallace-tallace, har ana kiransa garuruwa. Muka ce ai gado ne, muka zo taya ka murna. Sai muka tarar ka rufe fuska. Mutumin da ba ya iya shan shayi bai ambaci talabijin ba, shi ne ya ce muddin ɗansa na riƙe da kyamara, ba shi ba shi. Ba ka kore shi ba, ba ka zage shi ba. Amsa gaisuwarsa kawai ka daina. Ya durƙusa ya ce ina kwana, ka juya ka tambayi Hajiya ko an ga tabaranka. Yaron ya gaji ya kama ɗaki a wata unguwa. Aka ɗauki shekaru a haka. Liman ya yi magana, Dakta Zahraddeen ya yi, ni ma na gwada duk dabarar da nake sauko da mai kaya daga kan farashinsa. Sai ka bar ni in gama, ka ce, "Hussaini, shayinka zai huce."

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarka, na je duba ka bayan la'asar. Hajiya ta sauka neman abin da za ta ci, ya rage daga ni sai kai. Ana ruwa a waje. Idonka na kan taga. Sai na ji ka ce, "Hussaini, wace damina aka fara *Laimar Aro*?"

Na ce, "Malam, wannan kam ban taɓa jin sa ba. Na faɗi. Kawo tapau ɗin."

Ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Tamanin da shida. Ranar Asabar. An yi ruwa." Ka lumshe ido har na zaci barci ne. Sannan ka ce, "Ka gaya wa Mus'ab ya ci gaba da aikinsa. Na yafe masa. Shi ma ya yafe mini." Ka sake juyawa wajen taga ka ce, "An yi ruwa sosai."

Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba. Da Hajiya ta dawo ka riga ka yi barci, kuma ba ka sake wata magana mai tsawo ba. Na kira Mus'ab, yana Penang wurin aiki, wayar a kashe. Na bar masa saƙo ya taho. Ya iso ana jera sahu.

A maƙabarta na ja shi gefe na ba shi saƙonka. Ya saurare ni har ƙarshe. Da Turanci yake amsa mini kullum, ni in yi masa Hausa, haka muka saba. Ya ce, "Kawu, na gode. Na san kana so in ji sanyi."

Na ce, "Ba ina so ka ji sanyi ba ne. Abin da ya faɗa nake gaya maka."

Ya ce, "Kawu, kai ne fa ka sayar wa Balarabe rigar sanyi a garin nan."

Ka ji irin abin da suna ke jawo wa mutum. Na rantse masa. Sai ya ce to ya yarda ka faɗa, amma wane ne ya faɗa, kai ko zazzaɓi? Ya ce tun yana yaro yake jin sunayen shirye-shiryen nan a bakinka har ya haddace su kamar karatun allo, babu wani *Laimar Aro* a ciki. Ya ce kuma tunda aka haife shi ba ka taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne, "yaron nan" kake cewa. Mutumin da ya ambaci shirin da ba a taɓa yi ba, ya kuma kira ɗan farinsa da suna gatsal, ba ya cikin hayyacinsa. Ya ce ba zai ɗauki yafiyar da ciwo ya ba shi ba.

Aka koma gida zaman makoki. An shimfiɗa darduma a falo, an bar gurbi a sama inda ɗa ke zama ya karɓi gaisuwa. Mus'ab bai hau ba. Ya zauna cikin motarsa a ƙasan bene, inda ake ajiye motoci. Da safe ya zo, da yamma ya tafi. Masu gaisuwa su wuce ta gabansa su hau, su gaishe da mu da ba mu haɗa jini da kai ba. Nuriyya ta sauka ta yi kuka, bai motsa ba. Ya ce mata wanda uba ya mutu yana fushi da shi ba ya zama a wannan gurbin.

Sai na gane cewa maganar duka ta rataya a kan wasan kwaikwayo. In an taɓa yin *Laimar Aro*, da hankalinka ka yi magana. In ba a taɓa yi ba, yaron nan zai ɗauki wannan kaya har nasa kabarin. Kuma mutum ɗaya tak da za a tambaya shi ne wanda muka binne.

Na fara da Hajiya. Ta ce ta fi shekara talatin a gidanka, ba ta taɓa jin sunan ba. Na bi 'yan tebur ɗaya bayan ɗaya, a nan kuwa na ga ruɗani. Dakta Zahraddeen ya ce ya tuna shi sarai, ai shi ne na mai gyaran laima da matarsa mai faɗa. Da na matsa, sai ya zama mai gyaran rediyo yake nufi. Wani ya ce na Turawa ne aka juya shi, da wata mata mai laima tana bin ɓarayi. Wani ya ce ba wasa ba ne, shirin manoma ne. Wani ya rera mini waƙarsa tun daga farko har ƙarshe, muna cikin jinjina kai Hureira ta leƙo daga ɗakin mata ta ce wannan ai tallar sabulu ce. Kowa yana so ya taimaka, kowa ya tuna abin da bai gani ba. Aka tura tambaya gida wurin tsofaffin ma'aikatan tashar. Wasu sun rasu, wani ya kurumce, wani ya ce a ba shi lokaci zai tuna, ya kuma tambaya ko ana samun maganin gwiwa mai kyau a Malesiya.

Har ni sai da na fara shakkar kunnena. Na zauna ina juya abin. Laima ka ce, ko wani abu? Na ji ka da kyau kuwa? Na san na ji. Amma in mutum goma suka ce maka ba haka ba ne, sai ka fara lalube a aljihunka.

Ranar addu'ar uku, bayan azahar, Hajiya ta aiko a kira ni bakin ƙofar ɗakin mata. Yayarka ce a waya daga gida, Gwaggo Ɗelu, wadda ta goya ka, ta kira yin gaisuwa. Cikin hira Hajiya ta ce mata har ka yi ta sambatu a ƙarshe, kana kiran wani wai *Laimar Aro*. Sai tsohuwar ta ce a ba ta wanda ya ji da kunnensa.

Na karɓa na gaishe ta. Na ce, "Gwaggo, kin taɓa ganin wannan shirin?"

Ta ce, "Ban gani ba. Ba wanda ya gani. Amma an yi shi."

Na ce a raina, to, ga wata kuma. Sai ta ba ni labarin, ina tsaye a bakin ƙofa.

Ta ce da can malamin firamare ne kai, ka ajiye alli ka tafi gidan talabijin. Mahaifinku bai so ba. Bai zage ka ba, bai kore ka ba, amsa gaisuwarka kawai ya daina. Kana can ka rubuta wasa da hannunka, ka tara 'yan wasa, aka ba ka fili ranar Asabar bayan magariba, farkon damina. Babu kaset ɗin da za a ba sabon yaro, don haka kai tsaye za a yi, ana yi ana watsawa. Ita da mahaifiyarku suka yi ta roƙon tsohon ya je ya gani da idonsa, ko zuciyarsa ta sauko. Da ƙyar ya yarda. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya tafi gidan Alhaji Bello, mai akwati ɗaya tilo a layin, aka ba shi kujera a gaba. Hadari ya riga ya haɗu. Mai sanarwa ta faɗi sunan wasan, ta faɗi sunanka da na mahaifinku a haɗe. Aka ga hannun mutum yana buɗe laima. Sai tsawa ta faɗi. Wuta ta ɗauke a garin gaba ɗaya, kuma ashe a kan dogon ƙarfen tashar ta sauka. Aka zauna cikin duhu ana jira. Can tsohon ya laluba takalmansa, ya ce, "Wannan ne aikin?" Ya fita cikin ruwa.

Tashar ta yi makonni a rufe. Da aka buɗe, an ba wani filin. Kai kuma ba ka sake rubuta ko layi ɗaya ba, ka nemi a mayar da kai ofishin tsara lokaci. Mahaifinku bai ga wata daminar ba. Ta ce, "Ya tafi bai ce masa komai ba, ɗana. Ko eh, ko a'a."

Na ce, "Gwaggo, wace shekara ce?"

Ta ce, "Ni ina na san shekara? Daminar da na yaye Munzali ce."

Na faɗa wa mutanen falo abin da na ji, aka nemo ɗan nata Munzali a wata wayar. Ya ce a takardunsa tamanin da takwas aka haife shi. Uwarsa ta ce ƙarya yake, an rage masa ne lokacin neman aikin ɗamara. Nawa aka rage? Shi ya ce biyu, ita ta ce huɗu, wani ƙaninsa daga nesa ya ce sau biyu aka rage. Nan take falo ya ɗauka. Masu digiri suka fara lissafi da yatsu, wannan ya ce tamanin da biyar, wancan ya ce da bakwai. Har wani ya kawo sabuwar gardama, wai shirin da ba wanda ya kalla, za a ce an fara shi kuwa? Na duba inda ka saba zama, ina jiran ƙarar cokali a jikin kofi.

Ban tsaya an gama ba. Na roƙi Gwaggo kada ta kashe, na shiga lif na sauka. Mus'ab na cikin mota, gilashi a rufe. Na ƙwanƙwasa, na miƙa masa wayar, na ce, "Ba ni zan faɗa ba, kada ka ce ciniki ne. Ga gwaggonka."

Ta maimaita masa duka, ba ta canja ko kalma ba. Yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Kana ji na kuwa?" Sai ya yi magana, da Hausa, Hausar nan tasa mai ɗingishi da ban ji ta ba tun yana ƙarami.

Ya ce, "Gwaggo, da wutar ta ɗauke, su a can sun tsaya?"

Ta ce, "Ina fa! Akwai janareta a ɗakin wasan. Ba wanda ya zo ya gaya musu. Sun yi shi tun daga farko har ƙarshe, ubanka na bayan kyamara yana ba da hannu. Ya dawo gida jiƙe sharkaf yana dariya, yana tambayata, Yaya, Baba ya gani? Me ya ce?"

Mus'ab ya kifa kansa a kan sitiyari. Na juya baya na tsaya ina karanta lambobin motocin mutane.

Malam, ban gane ba, kuma ba na jin zan gane. Kai da ka ɗanɗani wannan shirun, ka san nauyinsa fiye da kowa, me ya sa ka ɗauko shi ka ɗora wa naka ɗan? Hajiya ta ce tsoro ne, ba ka so ya jiƙe kamar yadda ka jiƙe. Gwaggo Ɗelu ta ce ba wani tsoro, taurin kan gidanku ne, haka kakanku ma yake. Liman ya ce a bar wa Allah. Kuma duk shekarun nan da kake buga mana cokali kana tambayar daminar wasan kowa, ashe akwai ɗaya da kake zagayewa. Na zauna kusa da kai fiye da kowa a teburin nan, ina taƙamar ina karanta fuskar mutum kafin ya buɗe baki, ban ga komai ba. Har yau ba mu san ko tamanin da shida ce ba. Mun dai san an yi, mun san an yi ruwa, mun san da hankalinka ka yi magana.

Mus'ab ya fito daga motar ya wanke fuska a famfon masu gadi. Muka hau tare. Da muka shiga falo gardamar ta mutu da kanta. Ya cire takalmi, ya ratsa mutane, ya zauna a gurbin da aka bari. Ba a jima ba wani dattijo Bamalaye, maƙwabcinku da kuke sahu ɗaya da asuba, ya shigo da sandarsa. Ya dube mu duka, ya tambaya wane ne ɗan mamacin. Mus'ab ya ɗago kai ya ce shi ne. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Bahauddeen. Allah Ya yafe maka kamar yadda ka yafe, Ya karɓi wadda ka nema a ƙarshe, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Allah Ya yalwata kabarinka a wannan ƙasa da ba taka ba, Ya haskaka shi, Ya sanyaya shi. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haɗa ku a inda babu sauran fushi tsakanin uba da ɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hannatu, da Nuriyya, da Khaulah, da Gwaggo Ɗelu da dukan dangi a gida, da ɗalibansa, da jama'armu ta Taman Melati da Sentul da Bukit Jalil. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Kai kuma Mus'ab, saƙo ya iso hannunka, na sauke. Saura rabin da ya roƙa a wurinka, wannan tsakaninka da shi ne. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a aikinka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya ba mu ikon faɗin abin da ya kamata tun da sauran mai ji.

Hussaini Abdulgani
Sentul, Kuala Lumpur